Mun Je Dungu Kallon Faifai

Liman na sallamewa da asuba muka fito, ni da jikata, ita da jakar lakkol, wato makaranta, a kafaɗa, ni da ƙullin goro da sabulu na tsaraba. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa bakin magana saboda haka ba. Wannan da kuke karantawa bakina ne, hannun nata ne. Na gargaɗe ta, in ta rage mini kalma zan sani, don sai na sa wani ya karanta mini.

Bari in faɗa muku abin da ya tashe mu. Yarinyar nan tana jami'a a Damagaram. Malaminsu, mushe suke ce masa, ya ba su aiki: kowa ya zaɓi wani abin hannu na gwaninta ya rubuta nazari a kai. Ta zaɓi faifai, irin wanda ƙawata ta Dungu take ɗinkawa, wadda muka yi 'yanmatanci tare. Da ta tambaye ni, na gyara zama na zuba mata: hannu mai albarka, gwanar gwanaye, wadda amare ke jira kafin a yi jere. Ta juya shi da Faransanci ta kai. Mushe ya maido mata da takardarta, ya ce wannan roƙo ne, kalangu kaɗai ya rage. Ya ba ta dama guda ta sake, in bai yi ba sai ta maimaita darasin baɗi. Ya ce ta je ta ga abin da idonta. Wai ta fara faɗin abin da ta gani, sannan yadda aka yi shi, sannan abin da yake nunawa, a ƙarshe ta yanke hukunci, inda ya yi da inda bai yi ba, kowanne da dalili.

"Inda bai yi ba" ɗin nan ya tsaya mini a maƙoshi. Na ce mu je, ni zan kai ki, ki nemo mini inda aikin ƙawata bai yi ba.

A tashar Matameye mun tarar da masu ƙosai sun riga sun hura wuta. Muka ci da zafinsa a tsaye. Kuɗin mota ya hau, direba ya ce mai ya yi tsada. Na ce masa tun ina amarya mai yake tsada, ban taɓa jin ranar da ya yi araha ba. Ya yi dariya ya ba ni gidan gaba. Jikata ta hau baya, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙi jinin tafiyar tun daga tasha.

Da muka sauka daga kwalta sai rairayi. An gama yankan gero, gonaki sun rage karare, dammuna a jere bakin rumbuna, mata na tafe da ƙwarya a ka. Bana Allah ya yi wa wannan gefen rahama, da gani ka sani. Wani wuri mota ta kafe, maza suka sauka turi, har da jikata mai karambani. Ni na taimaka da addu'a daga inda nake zaune. Can gaba ƙasa ta fara yin duhu, iska ta yi sanyi, sai ga fadamar Dungu: rake ya yi kore shar, goruba a tsaitsaye, lambuna ko'ina. Duk shekarun da nake zuwa, ganin koren nan bayan rairayi bai daina sanyaya mini rai ba. Muka sayi rake a bakin hanya. Ita ta sha, ni na riƙe, don ni da rake haƙora sun raba mu tuni.

Mun sami ƙawata a inuwar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, kaba rinanna a gefe, wato ganyen goruba da ake ɗinkin da shi. Ina yin sallama ta ce, "Mai baki ce! Tun daga ƙofar gari nake jiyo ki." Ta miƙo hannu, amma ya ɗan kauce daga inda nake tsaye. Na kama shi. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da waɗanda suka rasu. Surukarta ta kawo fura mai nono, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki.

Da aka fito da faya-fayai aka shimfiɗa a tabarma, sai bakina ya buɗe da kansa. Na yi mata kirari har maƙwabta suka leƙo, wata ta rangaɗa guɗa. Jikata kuwa ta matso kusa. Ta ɗauki sabon da aka gama, ta fita da shi cikin haske, ta juya bayansa, ta bi shi da yatsa daga cibiya zuwa baki, ta ɗaga shi sama, ta ajiye shi nesa ta koma ta tsaya. Har na fara jin kunya, kamar mun zo taya kaya. Sai ta dawo ta durƙusa tana tambaya a hankali: ina ake yanko kabar, wa ke rini, me ya sa tsakiya fari ne. Ƙawata ta ce ai fadamarsu ce take ɗinkawa. Farin tsakiya ruwa ne, zoben kore rake ne, ruwan ɗorawan da ya kewaye baki kuwa rairayi. Wallahi tun muna 'yan mata nake karɓar faifai a hannunta, ban taɓa jin wannan ba. Ban taɓa tambaya ba ne.

Can sai ƙawata ta ce, "To, 'yar boko, me kika gani?"

Yarinya ta dube ni. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin mayafi na mintsine ta a cinya. A wurinmu yaro ba ya kushe aikin babba, balle a gidanta, furarta ko faɗawa ba ta yi a cikinsa ba.

"Ya yi kyau, Inna," in ji jikata.

"Wannan kakarki ta faɗe shi tun ba a haifi uwarki ba. Abin da kika daɗe kina kallo nake tambaya. Ke kuma sakar mata cinya, na san halinki."

Na saki. Yarinya ta fara, bi da bi, yadda aka koya mata. Ta faɗi launuka da yadda suka bi juna. Ta ce ɗinkin ya matse har ko garin tuwo ba zai bi ta ciki ba, ya ma fi na tsofaffin faya-fayan matsewa, kuma bakin ya zauna daidai, bai karkace ba. Ta ce mai kallo idonsa daga ruwa yake tashi ya fita rairayi, kamar mai barin gari. Sai muryarta ta yi ƙasa. Ta kama yatsan ƙawata ta ɗora a kan faifan.

"Amma Inna, daga nan zuwa nan shuɗi ne ya shiga cikin koren. In ido ya biyo zoben, a nan yake tuntuɓe."

Suruka ta sunkuyar da kai. Ƙawata ta yi ta shafa wurin da yatsa, gaba da baya.

"Wannan kaɗai ne?"

"Har da waɗancan biyun. Tsofaffin babu."

"Na ji a jikina," ta ce. "Dillaliyar da ke saye ta daina zuwa, na tambayi kowa, kowa ya ce ya yi kyau. Ashe koren ne ya gudu ya bar ni."

Ta yi dariya, sannan ta sa bakin zane ta goge ido. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido, hayaƙin murhu ne ina jin. Suruka ta fara ba da haƙuri, ta ce tsoron ɓata mata rai suke yi. Ƙawata ta ce ta sani, Allah ya yi mata albarka, amma ta tashi yanzu ta ware kabar: kore a ɗaure shi da igiya, shuɗi da tsumma, yadda hannu zai gane ko ido bai gane ba. Nan take aka yi, muka sa hannu mu duka.

Jikata ta ce in Inna ba ta so, ba za ta sa maganar shuɗin a takarda ba, tunda baƙi ne za su karanta. Ni har na buɗe baki zan ce haka ya dace.

"Ki rubuta," in ji ƙawata. "In kin ɓoye shuɗin, wa zai yarda da ke a kan ɗinkin?"

Bayan azahar muka ci tuwon gero da miyar kuka. Yarinya ta koma gindin bishiya da faifai a cinya tana rubutu tana sokewa. In ta rubuta "kyakkyawa" sai in ji tana tambayar kanta, da me ya yi kyau? Mu kuwa muka baje hirar da, ta samarin da suka yi zarya a ƙofar gidanmu, waɗanda yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. Da za mu tafi ƙawata ta rako mu har zaure. Ta kama fuskar jikata da hannu biyu, ta shafa goshi da kumatu, ta ce, "Bari ni ma in duba aikin kakarki." Ta jima tana shafawa, sannan ta ce hancin ne kawai bai yi ba, na gidanmu ne.

Dawowa mota ta cika da rake har sama, ba mu kafe ba ko sau ɗaya. Ana kiran magariba muka shigo Matameye, ƙafafuna sun kumbura, na jiƙa su a ruwan ɗumi. Kashegari yarinya ta wuce Damagaram. Da mako ya zagayo ta kira ni a waya tana ihu, mushe ya karɓa, ba za ta maimaita ba. Sai dai ya ja jan layi a shafin farko, wai har yanzu da sauran kirari. Na ce ta gaya masa wannan gado ne, ba ya fita da wanki ɗaya.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan, ba zan ce yabo laifi ba ne, don da shi na rayu kuma da shi zan mutu. Amma na ga yabon da ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana, na ga kuma yadda tsohuwa ta miƙe zaune da aka gaya mata gaskiya da ladabi. Mu da muke sonta mun bar ta ita kaɗai cikin duhu da daɗin bakinmu. Na aika wa ɗanta ya kawo ta Matameye likita ya duba idon. Na share ɗaki, na shimfiɗa mata gado kusa da nawa.