Kusurwar da Ba a Haƙa Ba

Shekarar da fari ya cinye gonakin ƙasarmu ina koyarwa a lakkwal, makarantar boko, a Tasawa, muna gidan haya ni da matata. Mahaifiyata kuwa tana ƙauyenmu can gefen Korgom, ita kaɗai cikin gidan da kowa ya watse. Na aika, na je da kaina, na roƙe ta ta biyo ni gari. Amsarta ba ta canza ba: ita da ta tsufa a gidan mijinta ba za ta ƙare kwanakinta inda wani zai riƙa yin sallama ƙarshen wata ba. In ina so ta zo, in sami gida nawa, in gina mata ɗakinta daban, don ba ta haɗa bango da suruka. Inna ke nan. Rumbunta ya kusa ƙarewa, amma taurin kanta ko gezau.

Haka na faɗa hannun dillali. Wani dattijo ne siriri mai koɗaɗɗen rawani, kullum yana gindin bishiya kusa da tasha. Ban taɓa sayen ko akuya ba, balle gida, kuma kallo ɗaya ya yi mini ya gane haka. In na nuna masa bango ya tsage, sai ya ce ai nan iska ke shigowa. In rufi ya lotsa, ya ce azara ce ta gaji kaɗan, kamar mu duka. Yana ba ni haushi, yana ba ni dariya, a shekarar da dariya ta yi wuya.

Gidajen sayarwa sun yi yawa lokacin, don mutane na ta gudu kudu. Soja ke mulki, su ke tsaye kan rabon jar dawar taimako a bakin biro, ofishin hukuma, layi tun safe har rana ta take. Dillalin nan yana da doka guda: ba ya haɗa mai saye da mai sayarwa sai ranar sallamawa. Saboda haka sai lokacin da masu gida suka tafi layin dawa yake kai ni. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal, ya ce, "Mushe, in kun ga juna kun shirya, ni mi zan ci?"

Gidan da ya kwanta mini a rai yana gabashin gari. Zaure, ɗakuna biyu manne da juna, madafa, salga, sai wata kusurwa a bayan ɗakin matar gidan, fili ne shararre tas. Dillali ya tsaya a tsakiyarta ya buɗe hannuwa. "Ga ɗakin tsohuwa nan. Ƙofa ta dubi kudu, ba ruwanta da kowa." Wurin kamar an auna shi don Inna. Kafin a gama magana har na ga magini, na sa a buga tubali, na aika mata cewa ta fara ɗaure kaya.

Ranar sallamawa aka taru a zaure, da mai unguwa da shaidu. A nan na fara ganin mai gidan, manomi ne da bai girme ni sosai ba, ƙasusuwan wuyansa a waje. Bai ɗaga ido ba. Ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka, aka shafa fatiha. A waje amalanke na jira, an ɗora tabarmi da turmi da tukwane.

Muna fitowa matarsa ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Muryarta ƙasa ƙasa ta ce, "Malam, gida naku ne yanzu, ba mu da ta cewa. Amma kusurwar can ta bayan ɗaki, ɗiyata na nan kwance. Da rani ta tahi, ko yaye ba ta kai ba. Don Allah kada a haƙa wurin." Mijin ya kira ta, ta tashi, suka bi bayan amalanke. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba.

Na juya kan dillali, yana ta jan tasbaha kamar ba da shi ake ba. Na zazzaga masa abin da ke cikina, har mai unguwa ya riƙe mini hannu. Sai da na gaji ya ce, "Mushe, bana wane gida ne babu jinjiri a bayan ɗaki? In na gaya maka ba ka saye. In ba ka saye, da mi za su tahi?" Ya ƙara da cewa mutane na gini a kai, ba ni ne farau ba. Har yau in na tuna yadda ya buɗe hannuwa a wurin raina na ɓaci, kuma har yau ban sami amsar tambayarsa ba.

Babu wani fili a gidan sai wannan. Ko in haƙa, ko Inna ta zauna ƙauye da rumbun da babu kome. Na hau mota zuwa Korgom zuciyata a cunkushe, na same ta tana tankaɗe dussa. Na gaya mata duka, ban rage ba. Ta ce, "Mace ce ko namiji?" Na ce mace. Ta karkaɗe zanenta ta ce, "Tashi ka ɗaure mini kayan can."

Ɗakin matar da ta roƙe ni ta shiga, bango ɗaya da surukarta. Ba zan yi ƙarya in ce zaman ya yi daɗi ba. In matata ta yi dariya da ƙarfi Inna ta ji, in Inna ta yi tari matata ta ce da ita ake. Ni ke tsakiya, kowa na ja. Tubalin da na sa aka buga ya zauna jikin katanga har damina ta dawo ta narkar da shi. Kowace safiya Inna kan share kusurwar nan, ta kori kaji, ba ta taɓa cewa kome a kai ba. A ɗakin ta rasu, ban gina mata nata ba, kuma wannan na ci mini rai.

Bayan rasuwarta, wata rana da hantsi wani mutum ya yi sallama. Ban gane shi ba sai da ya faɗi ko wane ne: manomin da ya sayar mini da gidan. Shi kaɗai ya zo. Ya ce matarsa ba ta jima ba bayan sun tsallaka iyaka ta rasu. Tana kwance ba ta da magana sai ta gidan nan, ko an yi gini, ko ba a yi ba. Da ya ga abin ya hana ta sakat, sai ya ce mata wani ɗan Tasawa ya zo, ya tabbatar masa ba a taɓa wurin ba. Alhali babu wanda ya zo. Tun daga ranar maganar ke damunsa, yana tsoron ya zo ya gani.

Na shige gaba ya biyo ni. Da muka zagaya bayan ɗaki ya tsaya cak, sannan ya tsuguna ya dafa ƙasa da tafin hannu. Na koma gefe na bar shi. Ya jima a haka kafin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe ban yi mata ƙarya ba."

Matata ta kawo fura, ya ce ya gode, ruwa kawai ya sha. Na raka shi bakin hanya ya jira motar kudu.