Waƙar da Ba a Yi Sai da Gawa

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar sauti, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na goge tef ɗin Mama Ladi. Ku 'yan yanzu da kuke ajiye komai a kwamfuta ba za ku gane ba, sai na fara da yadda aikin yake.

A farkon shekarun 1990 ina mataimakin injiniyan sauti, mataki na shida, a ofishin gidan rediyonmu na Kafanchan. Tef na zare muke amfani da shi, kuma kullum ba ya isa. Doka ita ce, duk tef ɗin da za a ajiye, a manna jar takarda a kwalinsa. Wanda ba shi da ita, ranar Litinin a goge shi a sake aiki da shi. Mai mannawa ni ne, mai gogewa ma ni ne.

Wanda nake bi yawo shi ne Malam Iliya, wanda kowa ke kira Kawu, mai shirin waƙoƙin ƙauye a rediyo, daga baya har a talabijin. Idan muka tsaya shan mai a Zonkwa, sai mu yi awa guda ba mu tashi ba, direbobi da mata masu citta sun kewaye shi. Yana gaisuwa da yare biyar, kowanne da kuskure, su kuwa kuskuren ne ke kashe su da dariya. Shi dattijon coci ne, ni Musulmi ɗan 'yan kasuwa, amma bai taɓa bari azahar ta wuce ni ba, ko muna tsakiyar ɗauka.

Wata Juma'a da damina muka je wani ƙauye bayan Madakiya, inda ake binne wani tsoho. Ƙanwarsa, Mama Ladi, ita kaɗai ta rage da ta iya tsohuwar waƙar makoki ta danginsu, mai jero kakanni ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya shekara uku yana nemanta. Ta yarda, na ɗauka, muka dawo a jiƙe sharkaf. Na jefa kwalin a kan kantar ofis, na ce gobe na manna takardar. Goben ba ta zo ba sai Litinin, na haɗa shi da sauran na goge.

Ran Laraba Kawu ya ce in sa masa ya ji. Na ɗora, ba abin da ya fito sai shuuu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugaban sashen shirye-shirye ya kira mu, ga takardar tuhuma a gabansa. A matakina, irin wannan kuskure yana iya cin aikin mutum, ga shi matata na da tsohon ciki.

"Wa ya goge?"

"Oga, shirin nawa ne," in ji Kawu. "Ni ya kamata in duba kafin in tafi gida. Rubuta sunana."

Aka rubuta. Ƙarin girmansa na shekarar ya wuce shi. Ni kuwa na yi tsaye kamar gunki, ban ce uffan ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Muka koma ƙauyen da goro da gishiri don roƙon a sake waƙar, a can na faɗi cewa ni na goge. Mama Ladi ta saurare mu tana ɓare gyaɗa, sannan ta ce, "Kai Iliya, wannan waƙa ba na wasa ba ne. Ba a yin shi sai da gawa. Wanene kana so shi mutu, ni ko kai?"

A hanya na ce, "Kawu, mu ƙara lallashinta mana. Ƙila ta yarda."

Ya taka birki, ya kira sunana. "Sani, in mun matsa mata, murya za mu samu, ba waƙa ba. Ka bar tsohuwa da abinta."

Ran Asabar a cikin shirinsa ya gaya wa masu sauraro da bakinsa cewa an ba mu amana mun zubar, a yafe mana. Bai ambaci sunana ba.

Bayan shekara bakwai hawan jini ya ɗauke Kawu. Ranar binnewa gidansa ya cika maƙil, limamai da fastoci a benci ɗaya. Da hantsi sai ga Mama Ladi an sauko da ita daga bayan a-kori-kura, tana dogara sanda. Ta dudduba ta ce, "Ina wancan da ya ɓata na farko?"

Na matso na durƙusa.

"Kawo injin naka. Yanzu akwai gawa."

Na riƙe mata makirufo. Ta jero kakanninta duka, a ƙarshe ta sa sunan Iliya a cikinsu, shi da ba danginta ba, ba ma yarensu ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba injin ke ɗaukar sauti ba. Mutane ne ke ba ka, in sun yarda da kai, kuma a lokacin da suka ga dama. Mun sa waƙar a shirinsa na ƙarshe, duk kudancin Kaduna ta ji. Shi da ya fi kowa son a ji ta, shi kaɗai ne ba ya wurin rediyo.