Keken da Ke Tsakanin Gado da Banɗaki

Shekara arba'in Mai Keke ta yi tana ɗinki a ɗaki ɗaya, har 'yan layin suka manta sunanta na gaskiya. Da keken nan ta yi wa yara biyar makaranta bayan rasuwar maigidanta. Da ido ya fara dusashewa ta daina karɓar ɗinki, amma ba ta yarda a taɓa mata keken ba. Yana nan tsaye tsakanin gado da ƙofar banɗaki, uban nauyi gare shi, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idon ya tafi fiye da yadda take faɗa. In ta tashi sai ta dafa kan gado, taku biyu ta kama teburin keke, taku uku ta kama ƙofa. Ɓoyewa take, don 'ya'yanta sun riga sun yanke magana: ranar da ta faɗi ƙasa, ranar za ta koma wurin babban ɗanta, can hawa na uku, inda ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta gaishe ta. Tsoron wannan ranar ya fi ƙarfinta.

Autarta nas ce, kuma in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Wata Asabar ta zo da takarda daga wurin aiki, kan yadda ake kare tsofaffi daga faɗuwa. Ta ɗauke ledar ƙasa da ta naɗe, ta sauya ƙwan fitila, ta tattare wayar rediyo. Duk gyara ne mai kyau, ba mai musu. Sannan ta tsaya a gaban keken.

"Bar min kekena," in ji tsohuwa.

"Haba Inna, ya tare miki hanya. Rabonki da ɗinki tun yaushe? Ko akwai abin da kike yi da shi?"

Amsar ta zo mata har bakinta. In ta faɗa, yau ɗin nan za a haɗa mata kaya.

"Babu," ta ce.

Aka kira maƙwabci, suka kinkime shi zuwa falo.

Kwana biyu tana lallaɓawa, tana bin bango. Rana ta uku da hantsi ta tashi a gaggauce, hannu ya yi abin da ya saba. Taku biyu, ta miƙa shi, ta saki nauyinta. Ƙugunta ne ya fara isa ƙasa.

A asibiti auta tana kuka kamar ranta zai fita, yayanta na tsaye a gefe da makullin ɗakin a hannu.

"Inna, na kwashe komai fa. Da me kika yi tuntuɓe?"

Tsohuwa ta lalubo hannun 'yarta ta riƙe.

"Ba tuntuɓe na yi ba, auta. Kekena na je dafawa. Na fi shekara biyu ba na ganin ƙofar nan."