Alayyahuna da Bokitin Unguwa

Shekarun baya, lokacin da aka kulle mu a gida saboda korona, na tafka wata wauta da har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ba huda bangon da na yi ba ne wautar. Wannan dabara ce, ko yau aka maido bokitin zan sake. Wautar ita ce, na zauna da mace har muka yi furfura tare, ban san duk abin da ya shiga tukunyarta sai ya leƙa gidan maƙwabta ba.

Ku yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba.

Ni dillalin awaki ne a nan Batsari. Jarina bakina. Yau ina kasuwar nan, gobe ina Safana, ina rantse wa mutane cewa akuyar da ke tari ƙura ce ta shaƙa. Da aka rufe kasuwanni sai na dawo gida na zauna, na fara lura da abubuwan da ba su shafe ni ba. Na gano itace yana saurin ƙarewa. Na gano ana zuba gishiri da yawa. Ina cikin bayanin yadda ya kamata a riƙa hura wuta, matata ta aje muciya ta dube ni.

"Malam, wai zauren naka rushewa ya yi?"

Ga kuma maganar miya. Lambunan fadamar wajen Ruma da muke samun ganye, masu su sun baro su tun kafin cutar saboda mutanen daji. Motocin da ke kawo kayan miya daga nesa kuma an tsare su a hanya. Sai kuka yau, kuka gobe, ranar da aka ji tausayinmu a kaɗa busasshiyar kuɓewa. Ga bazara ta kankama, ga azumi yana tafe.

Ana haka wasu mutane masu takunkumi a fuska suka zo da a-kori-kura, suka sauke mana ƙaton bokiti mai famfo da sandar sabulu, wai kowa ya riƙa wanke hannu. Mai unguwa ya ce a aje shi jikin bangon gidana, saboda akwai inuwar darbejiya kuma hanyar masallaci ce. Ya raba wa kowane gida ranarsa ta cika shi. Famfon tuƙa-tuƙa da muke ɗiba yana can bayan firamare, ga nisa ga layi, kuma kun san wa ke zuwa: 'yan mata ne da tsofaffin mata, da matan da suka gudo daga ƙauyuka suka raɓe gidajen dangi.

Ni kuwa a lokacin ni ne kan gaba wajen cewa ciwon masu hawa jirgin sama ne, ina ruwansa da mu da ko Kano sai shekara-shekara. Har dariya nake wa masu wankewa.

Wata rana ina zaune na ga ruwan wankin hannun ya taru ya yi kwatami, agwagin maƙwabta na birgima a ciki. Ruwa fa, a bazarar Batsari, an ɗauko shi a ka daga bayan firamare, agwagi na wasa da shi. Raina ya ɓaci. Sai na tuna a bayan bangon nan daidai, daga ciki, nan ne tsohon turken awakina, taki ya shekara da shekaru yana kwance ba mai amfani da shi.

Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kore kowa, na ɗauko tsohon ƙarfe na huda gindin bangon. Rariyar kowa waje take zubarwa, tawa na karkata ta ciki. Na sa guntun bututu, na rufe bakin da fasasshiyar tukunya. Na shiga na sassaƙe turken, na yi fangali, na roƙi matata irin alayyahu da rama da ta ƙulle a tsumma.

"Da wane ruwan za ka shuka?" in ji ta.

"Allah zai kawo."

"Yo Allah ai shi ke kawowa, amma a kan wani yake ɗorowa."

Ban tsaya jin wannan ba. Na ɗauki tabarmata na shimfiɗa gefen bokiti. Na aje tsohon kwano na tarar ruwan kumfa don kada sabulu ya ƙona mani tsiro, ruwan ɗauraya kuma ya bi rariya. Daga ranar babu wanda ya isa ya gifta ƙofar gidana da busasshen hannu.

Wanda na fara tarewa abokina ne wanzami, tare muka tashi, gidansa na kallon nawa.

"Tsaya nan, tsoho. Wanke hannu."

"Yanzu na yi alwala."

"Alwala daban, wannan daban. Ba ka jin rediyo?"

"Ba kai ne shekaranjiya ka ce ciwon masu jirgi ne ba?"

"An wayar mani da kai. Ƙara ɗaurayewa, har gwiwar hannu. Wannan ɗan yayyafin da kake yi ba ya kashe komai."

Ya dube ni, ya dubi bokitin, ya ce, "Kai dai akwai abin da ka shinshino." Amma ya wanke.

Bokitin da a da yake kwana da ruwa, yanzu kafin azahar ya ƙafe. Mai unguwa ya yaba mani a gaban mutane, ya ce da kowa zai ɗauki abin kamar Malam da an zauna lafiya. Ya kuma ce a riƙa cikawa safe da yamma. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Yanzu bari in faɗi nawa aikin, tunda babu mai faɗa mani. Ni na saro ƙaya na kewaye wurin saboda kaji. Ni na kafa zana ta gefen yamma don rana. Ni na durƙusa ina tsince tsutsa ɗaya-ɗaya da waɗannan idanun da ko lambar waya ba su gani. Ni na zauna cikin wannan zafi ina faɗa da manya da yara, har wani ya kira ni ɗan sandan bokiti. Bayana har yau bai koma daidai ba. Ruwa shi kaɗai ba ya yin alayyahu, in yana yi da agwagin nan sun riga ni.

Azumi bai yi nisa ba ganye ya rufe ƙasa, kore shar, har wani sanyi wurin yake yi. Ranar da aka yi miyar farko na ja matata gefe na ce wannan tsakaninmu ne. Ta ce to. Ashe da aka kusa shan ruwa, kwanonin da aka saba aikawa maƙwabta sun fita kamar kullum, da miyar a ciki. Da na yi magana, cewa ta yi ita ba ta iya aika wa matar wanzami kuka alhali tana cin ganye, kuma ai ba ta faɗa wa kowa komai ba, miya kawai ta zuba.

Washegari bayan la'asar ina cikin lambu na ji sallama. Matar wanzami ce a gaba, bayanta mata sun cika zaure. Kun san yadda abin yake, matan maƙwabta sun shigo, maigida ba ya tsayawa yana zare ido. Na amsa gaisuwa, na sa takalmi, na fita na koma tabarmata. Gidana, lambuna, ni ne a waje.

Ina jin su ta bayan bango. Can sai ga muryar matar wanzami ta fito ta cikin rariya, kamar daga rijiya.

"Malam, ɗan buɗe mana famfon mu ga inda yake bi."

Na yi kamar ban ji ba. Sai ga wani bawan Allah ya taho, ya naɗe hannun riga da kansa, ya wanke, ya ɗauraye har gwiwar hannu yadda na koya masa. Ina kallo ruwan ya bi ƙarƙashin fasasshiyar tukunya ya shige. Dariyar da ta tashi a cikin gidan nan, na tabbata an ji ta a bakin tasha.

Suka fito kowace da ƙullin ganye a bakin mayafi. Kowace sai ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Wata har da tsayawa ta wanke hannu.

Na shiga na tarar sun yi wa fangalin gaba aski. Na tayar da hankali. Na ce ba a san an hana taro ba? Gwamnati ta ce kowa ya zauna gidansa, an rufe kasuwa, an hana Juma'a, amma a cika mani tsakar gida? Na ce daga yau kada in sake ganin ƙafar wata a lambun nan.

"Gidanka ne," in ji matata. "Zan faɗa masu."

Ta kuwa faɗa. Da safe na fito na tarar da bokiti wayam. Gidan da ke da ranar suka ce ɗiyarsu na ciwon wuya. Na gaba suka ce jarkarsu ta fashe. Na gaba da su ko uzurin ba su nema ba. Rana kuma kamar an aiko ta. Ganyen da ke tsaye jiya ya fara langaɓewa, gefensa ya fara naɗewa.

Na sa babbar riga na tafi wurin mai unguwa. Muka gaisa, ya iyali, ya azumi, ya zafi, ya haƙuri da zaman gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun yi watsi da dokar lafiya. In cutar nan ta shigo unguwa, ni dai na fita haƙƙi."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na ji an ce alayyahun ya yi kyau."

Na gyara zama.

"Gidana dai ba a kawo miyar ba," in ji shi. "Ni maza nake iya ba umarni, Malam, su kuma ba su ke ɗauko ruwa ba."

Na fito ina huci, na ce to ni ma ina da ƙafa. Na ɗauki jarka na nufi bayan firamare da azumi a bakina. Ina isa matan suka dare, suka ce Baba ya wuce gaba. A garin nan ba a barin dattijo ya tuƙa famfo, ko baƙo ne wata yarinya za ta karɓa. Ranar babu wadda ta motsa. Suka tsaya da ladabi suna kallo ina tuƙawa, ina nishi, hulata na faɗuwa. Da ƙyar na kawo rabin jarka gida ina hutawa a kowace inuwa. Na juye a lambu, ƙasa ta shanye kafin in miƙe tsaye. Na kwanta a zaure, ban san inda nake ba sai da aka kira magariba.

Bayan na sha kunu na ce wa matata, ba tare da na dube ta ba, "Ki ce masu su zo."

Washegari kafin hantsi bokiti ya cika har yana tumbatsa. Amma da sharaɗi aka dawo. Matar wanzami ta tsara cewa gidan da ya cika bokiti shi ke tsinkar ganye ranar. Ni kuma, mai turke, mai ƙaya, mai ciwon baya, aka ba gidana rana ɗaya kamar kowa. Aikin tare mutane su wanke hannu kuwa ba a raba shi ba, aka bar mani abina. Haka muka ƙarasa azumi. Ina zaune a waje ina tara masu ruwa, suna ciki suna yabon Allah da ya albarkaci ƙasar.

Daga baya ruwan sama ya sauka, aka buɗe kasuwanni, na koma wurin awakina. Bokitin ya ɓace, na ji an ce a wani gida ake jiƙa gero da shi.

Mutane na cewa shekaru na sanyaya zuciya. Tawa ba ta sanyaya ba. Har yau in matan unguwa na hirar waccan shekarar sai ka ji suna cewa, "Allah ya saka wa Inna da alheri, da lambunta muka yi azumi." Inna fa, matata kenan, wadda ko tsutsa ɗaya ba ta cire ba. Ita kuma sai ta ce ba komai, yi wa kai ne. Ni in an tuna da ni, to labarin hulata da ta faɗi a bakin famfo ake yi. Abin da na koya bai da yawa: in za ka yi dabara a gidanka, fara sanin kwano nawa ke fita da magariba.

Abin da na riƙe ina lallashin kaina da shi guda ne. Na ce ko ba a gode mani ba, ai na ciyar da masu azumi unguwa guda, wannan lada ba matar da za ta shigo ta tsinke shi. Kwanaki na je aski wurin abokina wanzami, na faɗa masa haka. Ya gama wasa askarsa a hankali, ya ɗaga mani haɓa, ya ɗora ta daidai maƙogwarona, sannan ya ce:

"Lada kuma, tsoho? Yo ai da niyya ake ba da shi. Ranar da kake huda bangon nan, mi ka ce a ranka?"