Murfin Katifar Jirgin Lorna

Duk wanda ya yi firamare a gefen tafkinmu, Lorna Heikkinen ce ta kai shi. Shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta cikin dusar ƙanƙarar da ke haɗiye shingen gida, ko ƙwarzane ba a taɓa gani a jikin ɗan wani ba. Ba ta faɗa da bakinta, mu mutanen arewacin Michigan ba mu iya yabon kai ba. Amma ka kuskura ka ce mata ta yi hankali da yaro, za ta leƙo ka ta saman tabarau har ka rasa inda za ka sa kanka.

Mijinta ya tafi neman aiki Detroit tun 'yarsu Renee tana rarrafe, har yau bai gane hanyar gida ba. Ya bar mata gida mai yoyo da tsohon jirgin ruwa, irin mai shimfiɗaɗɗen dandamali a kan gangunan ƙarfe biyu. Dole uwar na ƙi, Lorna ta koyi gyaran komai, daga famfo har injin jirgi. Ba ta kiran mai gyara, ba ta kuma yar da komai.

A bayan jirgin, daidai saman inji, akwai katifar shan rana. Duk Lahadi da bazara Lorna kan kai tsakiyar tafki, ta kashe inji, ta miƙe a kanta ta rufe fuska da hula. Nan ne kaɗai a duniya ba mai kiran sunanta. Katifar kuwa murfi ce ga wani babban akwatin katako da ake zuba rigunan ruwa masu hana nutsewa a ciki. Katakon ya sha ruwa shekara da shekaru, nauyi kamar buhun siminti, don haka in an ɗaga sai a tokare shi da karyayyar sandar wasan hoki.

Ranar hutun ƙarshen bazara Renee ta zo da 'yarta Aili, mai shekara uku, yarinya sai ka ce an ɗaura mata inji. Kafin a ankara ta haye katifar ta tsaya a baki, tana leƙen farfela. Renee ta fizgo ta. Ba a jima ba Lorna ta ɗaga murfin za ta ɗauko tawul, Aili ta ga sanda, ta ja. Murfin ya faɗo, dam! Saura ƙiris ya danne mata hannu.

Renee ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta rungume yarinyar ta ce, "Mama, Aili ba za ta ƙara taka jirgin nan ba sai an gyara abin nan."

"Ke ma a cikinsa kika girma."

"Na sani, Mama," in ji Renee, ta juya kai.

Maganar ta soki Lorna, ba kaɗan ba. Ita? Ita za a koya wa riƙon yaro? Amma jika ɗaya gare ta, kuma jirgin shi ne abin da take da shi na nuna mata. Ta haɗiye.

A nan kowa ya sani, gyaran jirgi aikin hunturu ne. Bazararmu gajera ce, ba mai ɓata yini ɗaya yana ɗaura noti. Da tafki ya daskare Lorna ta shige garejin da take ajiye jirgin, wanda ko murhu babu, ta hau aiki da safar hannu biyu. Ta fara da shingen ƙarfe a bayan katifar, tsayin ƙirjin yaro. Ta sa wa murfin sakata. Sannan ta sayo sandunan iska biyu, irin masu ɗaga murfin but ɗin mota, don murfin ya riƙa tashi da kansa ya tsaya, a huta da sandar hoki.

Ta ɗaura, ta ja sakata. Murfin ya ɗan ɗaga kai kamar tsoho zai tashi daga kujera, ya koma.

Maƙwabcinta Butch, tsohon mai saran katako wanda ba ya raina kofin gahawa na kyauta, yana tsaye yana hura hannu. "Kai, wannan murfin tsarana ne," in ji shi. "Lorna, ki kai wa masu gyara mana."

"Ka ga na yi kama da mai kuɗin zubarwa? Riƙe min nan, in ba za ka riƙe ba ka mayar min da kofina."

Ta mayar da sandunan ta karɓo waɗanda suka fi su ƙarfi. Su ma suka yi lagwas. Ta koma ta ce wa mai kanti ya ba ta na murfin babbar mota. To, waɗannan suka ɗaga shi a hankali, sumul, suka tsaya. Lorna ta gwada ta sake gwadawa, numfashinta na hayaƙi, tana murmushi ita kaɗai. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa iskar da ke cikin sandunan nan sanyi ne ya kashe mata jiki.

Ranar huɗu ga Yuli, ranar da jiragen tafki ke jerin gwano da tutoci, zafi ya sauko kamar ana gashi. Renee ta iso da Aili.

"Mummu! Jirgi!" Aili ta ruga ta rungume ƙafar kakarta, wadda take kira Mummu.

"Tsaya, ƙawata, sai alƙali ya duba," in ji Lorna, tana hararar Renee da wasa.

Renee ta jijjiga shingen, bai motsa ba. Ta gyaɗa kai. Butch ya ajiye tiren fasti mai zafi a kan katifar, irin burodin nan mai nama da dankali a ciki da Lorna ta gasa tun safe. Lorna ta ce kowa ya kalla, ta sa yatsa ɗaya ta ja sakatar.

Wayyo! Murfin ya yi tsalle kamar jaki ya yi harbi. Tire ya tashi sama, fasti suka watse a ruwa, hular Lorna ta bi su. Butch ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi Aili, ya rufe. Haɓar yarinyar daidai bakin murfin take kaiwa, kuma da tana kusa, ita za ta fara jan sakatar nan.

Lorna ta dubi murfin. "Ai a gareji lafiya lau yake," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Zan canza sandunan, mako mai zuwa..."

"Mama, ba sandunan ba ne. Murfin ne." Renee ta miƙo hannun hagu. Ƙaramin yatsanta a karkace yake daga gaɓar sama. "Ina 'yar shekara shida ya danne min shi. Kika ce in tsoma a ruwa zai daina, saboda kin gaji, kina so ki ɗan kwanta. Na tsoma."

Lorna ta san yatsan nan, ta sha yanke masa farce. Ita a zatonta haka aka halicce shi. Ta tsaya tana kallonsa, jiragen maƙwabta na wucewa suna busa hon.

Ta buɗe akwatin kayan aiki ta ɗauko sukundireba, ta durƙusa. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ɗaya bayan ɗaya ta kwance sandunan, ta kwance murfin daga mazauninsa.

"Lorna, to a ina za ki riƙa kwanciya?" in ji Butch.

"Ina da gado a gida. Kama can."

Suka ja katifar suka jefar a kan ciyawa. Aili ta leƙa buɗaɗɗen akwatin, ta faɗa cikin rigunan ruwa, kanta kaɗai ake gani, ta ce gidanta ne. Renee ta zaro ƙaramar riga ta miƙa wa uwarta. "Ɗaura mata, Mama. Kin fi ni iyawa."

Sun makara, jerin gwanon ya yi nisa, su kaɗai a baya. Lorna na tuƙi a hankali, ido ɗaya a ruwa, ɗaya a kan Aili. Sai da suka kai tsakiyar tafki ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Yana miki ciwo har yanzu?"

"A'a," in ji Renee. "Sai in ana sanyi."

Lorna ta ƙanƙame sitiyari. A garin nan, fiye da rabin shekara sanyi ake yi.