Ƙanzon Hansai

Duk wanda ya yi noman gayya a Kademi a shekarun da gyaɗa take da daraja ya ci tuwon Hansai, ko ya san sunanta ko bai sani ba. 'Yar Toranke ce, aure ya kawo ta gidan Malam Barau, gidan gandu mai baki da yawa: ƙannensa da matansu, 'ya'ya, jikoki, ga baƙi da ba sa yankewa. Gajeruwa ce, amma in ta tsaya a kan tukunya da muciya, sai ka rantse ta ƙara tsawo.

Kada ka zaci wani abin a zo a gani take zubawa. Dawa ce, kuka, daddawa, barkono, ɗan ƙuli-ƙuli. Dabara ce kawai Allah ya ba ta. In an sa ranar gayya, tun ana gobe take sa matan gidan surfe da niƙa, ta jiƙa wake, ta tankaɗe kuka. Gari na wayewa miya take fara gamawa ta ajiye a gefen murhu, sannan ta kama tuwo, ba guje-guje, ba faɗa. Mudu kuwa ba ruwanta da shi. Sai ta kasa kunne ga gangar noma daga nesa, ta ji ihun samari, ta ce, "Kai, waɗannan sun yi yawa, a ƙaro gari." In sun fi haka ma, ta turara dambu ta cika shi da rama. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to ita har kunnenta ya sani.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa sakar wa kowa ba: mara, wato ɗan ɓarin ƙwaryar kwasar tuwo. Ita ke rabo. Kowa a gidan da mazubinsa, maza akushi, mata kwano, yara ƙoƙo, kuma ta san cikin kowa. In ta gama, sai ta jawo tukunya gabanta, ta kankare ƙanzo, ta jiƙa shi da ɗan ruwan miya ta ci. "Ku bar ni da ƙanzona," in ji ta, "duk daɗin tuwo a gindi yake kwana." Jikoki har waƙar tsokana suka yi mata, tana jifansu da ludayi tana dariya. Tukunyar gidan babba ce, ƙanzonta mai kauri, yana isar ta har ya yi saura. Haka aka saba, kuma abin da aka saba ba a ganinsa.

Sai ga shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira. Ruwa ya ɗauke gero na bunƙasa, dawa ta tsaya ta bushe a tsaye, gyaɗa kuwa ba a samu ko ta sawa a bakin salati ba. Kafin bazara ta zagayo, gidaje sun fara watsewa. Yau ka gaisa da mutum, gobe ka tarar an toshe ƙofar gidansa da ƙaya, ya kwashe iyali ya yi Kano. Wasu sun dawo, da yawa shiru.

Ran nan Maiwada, autan Hansai, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce shi ma zai tafi da matarsa Hanne da yaransu, a rage baki. Hansai ta ji daga bayan danga. Ba ta tsoron yunwa kamar yadda take tsoron ta kwashe tuwo ta ga mazubi ya ragu.

"Malam, ka hana shi," ta ce da mijinta. "In ya tafi, gobe wani zai bi."

"Hansai, kin fa ga rumbun."

"Na gani. A bar ni da shi. Muddin marar nan tana hannuna, ba wanda zai kwana bai sa komai a ciki ba."

Aka bar ta, kuma ta cika alkawari. Ta daina tuƙa tuwo, don tuwo cin hatsi gare shi. Ta koma fate. Ɗan tsaki kaɗan, ruwa mai yawa, sai tafasa da yaɗiya da zogale, duk ganyen da mata suka samo. Dusar da ake ba awaki ta tankaɗe ta sa a ciki. Daddawa ta zama abin gutsura da farce. Amma kullum magariba hayaƙi yana tashi a gidan Barau, kullum mazubi yana cika, ko da rabinsa ruwa ne. Maƙwabta har mamaki suke.

To ga inda abin tausayin yake: fate mai ruwa ba ya ƙanzo. Hansai ta san haka tun ranar farko. In ta gama rabo, sai ta jawo tukunya gabanta kamar kullum, ta juya wa mutane baya, ta yi ta kankara da mara. Ana jin ƙarar, ƙar, ƙar, kowa hankalinsa kwance, Inna tana cin ƙanzonta. Ruwan ɗauraya take sha. In ta ɗebi ludayi ɗaya don kanta, sai idonta ya faɗa kan ƙoƙon wani jika, ta mayar. Ta rame, to wa bai rame ba? Ƙafafunta suka kumbura, aka ce tsufa ne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya yi kyau. Yana fara fitar da kai, wata ranar Laraba Hansai ta ɗaga tukunya, ƙafa ta ƙi, ta zauna a toka. Aka kai ta ɗaki. Ran nan, karo na farko, mara ta shiga hannun Hanne.

Hanne ta raba kamar yadda ta ga ana yi. Akusa suka tafi zaure, mata suka ɗauki nasu, yara suka ɗauka. Ta duba hagu ta duba dama, ba sauran mazubi. Ta leƙa ɗaki.

"Inna, ina kwanonki yake in zuba miki?"

Hansai ta yi murmushi. "'Yar nan, kankaro min gindin tukunya kawai."

Hanne ta koma ta karkato tukunyar. Gindinta fes, kamar an wanke. Ta sa mara ta kankara, ƙar, ƙar, ba abin da ya fito sai ƙarar nan da suke ji kullum tun bazara. Marar ta suɓuce daga hannunta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mun kashe ta muna zaune!"

Kowa ya kawo nasa, Maiwada yana kuka kamar yaro, Barau da kansa ya riƙa ba Hansai a baki. Cikin ya riga ya rufe, abin da ya shiga sai ya dawo. Ta rasu ana saura kaɗan a fara tumu. Gidan kuwa ba wanda ya tafi, ba wanda ya mutu, sai ita.

Da aka yanke gero, Hanne ta tuƙa tuwon farko a babbar tukunyar. Ya yi ƙanzo mai kauri, ja-ja-wur. Aka gama rabo, tukunya tana nan a tsakar gida. Yara, da ba sa barin komai, suka tsaya daga nesa suna kallonta. Barau ya fito daga zaure, ya daɗe a kanta, sannan ya ce da Hanne, "Gobe kasuwar Ajingi. A sayo kwano ɗaya. Daga yau mai girki ita za a fara zuba wa."