Guduma a Zamanin Roba

Daga tagar ofishin tashar Zuru, inda yake rubuta lambobin motocin da suka tashi, Malam Kamalu yana kallon wani tsoho mai gyaran jikin mota. Bai san sunansa ba. Siriri ne, tafinsa duk kanta, ga ƙaramar guduma soke a ƙugunsa, ƙotarta ta yi sulɓi don riƙo.

Tsohon yana ƙwanƙwasa lotsattsen gaban wata mota da yatsa, yana kasa kunne. Babu amon ƙarfe.

"Baba, roba ce fa!" in ji Ezekiel, direban motar. "Kana buga mata gudumar nan za ta tsage. In maigidana ya gani, makulli zai karɓe."

"Ɗana, karɓo mini ruwan zafi wurin mai shayi."

Da Ezekiel ya kawo, tsohon ya kwarara ruwan a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, sannan ya zura hannu ta ciki ya tura. Robar ta yi 'yar ƙara, ta koma daidai. Ezekiel ya sauke ajiyar zuciya.

Malam Kamalu yana ƙiyasta shekarun da wannan hannu ya yi yana lallashin ƙarfe, kafin motoci su sauya jiki su bar shi da abin da ba mai nema.

Sai tsohon ya zaro gudumar. Ezekiel ya ƙame. Amma da ƙotar kawai ya shafi wurin, sau ɗaya.

"Ita ma aiki ta fito," ya ce. "Kada ta koma gida ba ta taɓa komai ba."